Yadda Na Ɗinka wa Babbar Wuƙata Kube a Gida

Maƙeran da ke ƙera manyan wuƙaƙen yanka da na daddatsa nama ba kasafai suke bayar da su tare da kube ba, domin aikinsu ya tsaya ne a kan ƙarfe da ƙota, kube kuwa aikin baduku ne. Mai saye yakan karɓi wuƙarsa a naɗe cikin takardar siminti ko tsohuwar jarida, ya kai gida ya ɗora ta a saman kwaba, ta zauna a can kaifinta a waje, a gidan da yara ke hawa ko'ina. Wuƙar da nake magana a kanta irin wannan ce. An ƙera ta daga ƙarfen sifirin na mota, tsawon ruwanta santimita 30, faɗinta a wajen ciki santimita 6, kuma cikin nata ya fi wuyanta faɗi. Na saye ta ne saboda layya, sannan na ƙudurta cewa ba za ta ci gaba da zama tsirara ba. Na rubuta matakan da na bi ɗaya bayan ɗaya, saboda kowa na tambaya sai ya ba ni shawara dabam, kuma da yawa daga shawarwarin na ƙananan wuƙaƙe ne, ba su dace da mai nauyi irin wannan ba.

Na fara da Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, domin a nan ne kowane Bakano zai fara tunanin samun kayan dukanci. Ban tafi da wuƙar ba. Na kwantar da ita a kan kwali, na zagaye ta da biro tun daga tsini har ƙarshen ƙota, na yanke siffar, na kuma rubuta kaurin bayanta a jiki. Wannan kwalin shi na riƙa yawo da shi, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, domin mutumin da jami'an tsaro suka tare da wuƙa mai wannan girma a cikin adaidaita sahu, zai daɗe yana bayani kafin a yarda cewa wurin baduku za shi. A rumfunan dukawa na tarar da kube iri-iri, masu jan launi da kore da zanen baƙi, sai dai mafi yawansu an yi su ne tare da wuƙaƙensu da takubbansu, ba a raba su, kuma waɗanda na taɓa da hannu siririyar fatar akuya ce aka lulluɓa wa kwali ko siririn itace. Suna da kyau a ido, amma babu wanda siffar kwalina ta shiga bakinsa. Waɗanda suka yarda su ɗinka mini sabo sun ce sai na kawo wuƙar na bar ta a wurinsu, kuma sai bayan salla, saboda aikin kayan doki ya riga ya cika musu hannu.

Wani dattijo a cikin rumfa ta ciki shi ne ya warware mini al'amarin. Bayan mun gaisa na miƙa masa kwalin, na ce, "Baba, idan ni zan ɗinka da kaina, wace fata ce za ta ɗauki wannan?" Ya juya kwalin a hannunsa, ya auna cikin da yatsunsa, ya ce, "Malam, fatar akuya ado ce a nan. Ƙirgi za ka nema, wato fatar saniya mai kauri, kuma jimar bagaruwa, kada ka yarda a ba ka ta kamfani." Daga nan ya ɗauko guntayen fata biyu ya haɗa su, ya zura aska a tsakaninsu, ya nuna mini yadda kaifi ke tafiya kai tsaye ya sauka a kan zaren ɗinki. Sai ya saka siririn yanki na uku a tsakanin biyun, ya sake zura askar, kaifin ya tsaya a jikin yankin, bai kai ga inda zare zai bi ba. Ya ce duk kuben babbar wuƙa da ba shi da wannan yankin tsakani, wata rana wuƙar za ta fito ta gefe ta sami cinyar mai ita. Bai karɓi komai a hannuna ba sai da na matsa ya karɓi kuɗin goro. A ganina, wannan bayanin nasa ya fi duk abin da na saya daga baya daraja, kuma shi ne abin da ba a gani idan an kalli kube daga waje.

Neman ƙirgi ya fi kowane mataki cin lokaci. Na je majemar da ke wajen Ƙofar Wambai, inda har yanzu ake jima irin ta gargajiya: ana jiƙa fata a ruwan toka ko farar ƙasa domin gashi ya saki, a kankare ta, a wanke, sannan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa har ta ƙoshi. Abin da na tarar da yawa fatun awaki ne da na tumaki. Fatar saniya ba ta cika isowa hannun majema ba, saboda yawancinta ana babbake ta a sayar a matsayin ganda, wanda kuɗinsa ya fi saurin dawowa. Fatar jar akuyar Sakkwato ta shahara tun lokacin da fatake ke haye Sahara da ita, har Turawa suka riƙa danganta ta da Maroko saboda ta can take isa gare su, amma laushin da ya sa ta shahara shi ne ya sa ba ta isa ta tsare kaifin wuƙar yanka ita kaɗai ba. Na sayi ƙaramin yanki nata domin ado a bakin kube, na ci gaba da neman mai kauri.

A wurin masu sayar da kayan takalma an nuna mini fatu masu sheƙi da kauri daidai gwargwado, mai shagon kuma ya rantse cewa babu abin da ya fi su ƙarko. Gaskiya ya faɗa idan takalmi ko jaka za a yi. Irin wannan fata ta manyan masana'antun jima ce, kamar waɗanda ke Challawa da Sharaɗa, kuma yawanci da gishirin sinadarin kurom ake jeme ta. Ba ta shan ruwa ta riƙe siffa, kuma idan ta sami danshi tana iya sa ƙarfe ya yi tsatsa. Hanyar gane ta ba ta da wuya. Idan aka yanki bakinta, tsakiyar kan nuna launin toka mai ɗan shuɗi, alhali jimar bagaruwa launin ƙasa take nunawa tun daga sama har ƙasa. Idan aka ɗiga ruwa a bayanta, jimar bagaruwa takan tsotse shi nan take ta yi duhu. Idan kuma aka jiƙa gefenta aka ɗora ƙusa na ɗan lokaci, ƙusar takan bar baƙin tabo. A ƙarshe na sami abin da nake nema a wurin masu haɗa kayan doki, cikin ragowar da suka yanke suka ajiye, bayan an yi ta ce mini in dawo gobe mai kayan bai fito ba. Kaurin yankin ya kai milimita 3 zuwa 4, kuma an ce mini daga gadon bayan saniya ya fito, wanda ya fi fatar ciki tauri da rashin miƙewa. Shi kaɗai ya cinye fiye da rabin kuɗin da na kashe a aikin duka.

Sauran kayan ba su da tsada, kuma a layi ɗaya na same su: tsiko na huda fata, allurai biyu masu faɗin kafa, zaren nailan mai kauri irin na masu gyaran takalmi, gam ɗin da suke manna tafin takalmi da shi, kakin zuma, sabuwar reza mai ƙota, da sanfefa. Man kaɗe kuwa akwai shi a gida. Idan aka haɗa da kuɗin mota, abin da na kashe bai kai kuɗin wuƙar kanta ba, ko da yake ya wuce farashin kuben ado da na gani a kasuwa.

Da na zauna aiki, na sake komawa kan kwali kafin na taɓa fata. Na zana ruwan wuƙar, na ƙara santimita ɗaya da rabi a kowane gefe, domin nan ne yankin tsakani da ɗinki za su zauna. Abin da ya fi buƙatar lura shi ne cikin wuƙar: tunda ya fi wuyanta faɗi, dole ramin kube ya kasance da faɗin cikin tun daga baki har zuwa inda cikin zai tsaya. Idan aka bi siffar wuƙar daidai da daidai aka tsuke wuya, za a gama ɗinki wuƙa ta ƙi shiga, ko ta shiga tana yankar gefe. Na yanke kwali biyu da siririn yanki, na haɗa su da salatif, na gwada zura wuƙar da zare ta har na gamsu babu inda take kamawa. A nan ne kuma na yanke shawarar gefen da zan rataya ta. Ni na-dama ne, ina son ta zauna a kwiɓin hagu in zaro ta da hannun dama, don haka na rubuta "gaba" da "baya" a jikin kwalayen, domin sassan biyu kishiyoyin juna ne, kuma wanda ya yanke su fuska ɗaya ya yi asarar fata.

Na ɗora kwalayen a gefen nama na fatar, na zana, na yanka a kan falanki. Ƙirgi mai wannan kauri ba ya yankuwa da ja ɗaya, kuma tilasta masa yana sa reza ta kauce. Sai na riƙa bin layi a hankali, ina maimaitawa har yankan ya ratsa, hannun hagu kuma kullum yana bayan reza. Sashen baya na bar masa dogon harshe a sama, wanda za a naɗe ya zama maratayi. Yankin tsakani na yanke shi da faɗin da ya ɗan haura santimita ɗaya, na bi lanƙwasar kaifi da shi tun daga baki har tsini, na kuma yi wani domin gefen bayan wuƙar. A daidai tsini na bar 'yar kafa tsakanin yankunan biyu, yadda ruwa ko ƙura da suka shiga za su sami mafita. Da yake bayan wuƙar ya fi kaurin fata ɗaya a kusa da ƙota, sai na ƙara guntun yanki na biyu a wajen baki, na fere ƙarshensa ya yi siriri domin ya saje da na ƙasa.

Maratayi ake fara ɗinkewa, tun kafin a haɗa gaba da baya, saboda da zarar an rufe kube allura ba ta da hanyar shiga ciki. Na naɗe harshen ta baya da faɗin da bel zai wuce, na manna, na ɗinke shi a siffar murabba'i. Ta gefen ciki na ɗan kankare hanyar da zaren ya bi domin ya nutse cikin fata, na kuma manna siririyar fatar akuya a kansa, kada ruwan wuƙa ya riƙa gogarsa. Daga nan na goge inda gam zai zauna da sanfefa, na shafa shi a siririn layi a sashen baya da kuma a yankin tsakani, na bar su har gam ɗin ya daina kama yatsa, sannan na haɗa na bubbuga da guduma. Kafin na rufe da sashen gaba, na kwantar da wuƙar a cikin ramin na tabbatar akwai ɗan sarari tsakanin kaifi da yankin tsakani. Bayan na rufe, na danne shi da nauyi ya kwana.

Huda ita ce ta fi gajiyar da ni. Fata uku a haɗe ta kai kusan santimita ɗaya, wajen baki ma ta fi haka, kuma tsiko ba ya ratsa ta sai da ƙarfi. Na ja layi mai nisan kusan milimita 6 daga gefe, wato tsakiyar yankin tsakani, na sa alama a kowane milimita 5 zuwa 6. Dabarar da ta taimake ni ita ce soka tsikon a cikin kakin zuma kafin kowace huda, da kuma ɗora aikin a kan itace mai laushi. Abin da ake tsoro shi ne tsiko ya shiga a karkace, ya fito ta baya a wajen layi, ko ya kauce wa yankin tsakani ya faɗa cikin ramin wuƙa, inda zaren zai zauna a gaban kaifi. Saboda haka bayan kowace huda nakan juya aikin in duba inda ya fito. A wajen baki tsikon ya lanƙwashe, sai na ƙarasa da siririyar ƙusa da guduma. Tafin hannuna ya yi kanta, kuma a daidai wannan lokacin na fahimci dalilin da ya sa kuɗin da dukawa ke nema bai yi yawa ba.

Ɗinkin allura biyu na yi, irin wanda ake yi wa sirdi da linzami. Na yanki zare mai tsawon da ya ninka layin ɗinki sau biyar saboda kaurin fatar, na goga masa kaki, na sa allura a kowane ƙarshe. Ana zura allura ɗaya a huda ta farko a daidaita zaren gida biyu, daga nan kowace huda allurai biyun suke bi, ɗaya daga gaba, ɗaya daga baya, a ja su tare a tsuke. Amfanin wannan ɗinki shi ne idan zare ɗaya ya tsinke, ɗayan yana nan riƙe, ba kamar ɗinkin keke ba da kan warware gaba ɗaya. A wajen baki, inda wuƙa ke fara bugawa, na maimaita ɗinkin a huda ɗaya, a ƙarshe kuma na koma baya huda uku, na yanke zaren na narkar da bakinsa da ashana. Wasu sun ba ni shawarar in ƙara ƙusoshin ƙarfe a gefe domin ƙarfi. Ban yi ba, domin ranar da kaifi ya kai ga ƙusa, wuƙar ce za ta dakushe.

Da aka gama ɗinki, wuƙar tana shiga amma da ƙyar, kuben kuma a baje yake. Na shafe ruwanta da mai, na naɗe shi da leda siririya, na tsoma kuben a ruwa mai ɗumi kaɗan na 'yan daƙiƙu har ya yi laushi, na bar shi ya tsane, sannan na zura wuƙar. Da manyan yatsu da bayan cokali na riƙa danna fatar tana bin siffar ƙarfen, musamman a wuya da inda ƙota ta fara, domin nan ne kube ke riƙe wuƙa. Ruwan zafi ba ya cikin wannan aiki, yana ƙanƙantar da fata ya taurara ta. Man da ledar ma ba na ado ba ne: sinadarin bagaruwa da ke cikin fatar idan ya haɗu da ƙarfe da danshi yakan baƙanta su duka biyun, kuma wannan haɗuwar ce dukawa ke amfani da ita wajen yin kuloko, baƙin rinin da suke haɗawa da ƙarfe mai tsatsa. Bayan fatar ta kama siffa na zare wuƙar na goge ta, na ajiye kuben a inuwa inda iska ke kaɗawa. Lokacin damina ne, bushewar ta yi nawa har na fara gajen haƙuri, amma ban kai shi rana ba, domin jiƙaƙƙen ƙirgi idan rana ta buge shi yakan ƙandare kamar kilishi, daga baya ya tsattsage.

Ƙarasawar ba ta da wahala. Na daidaita gefuna da reza, na goge da sanfefa har fatun uku suka zama baki ɗaya, na ɗan jiƙa, na murje da santsin itace da kaki har suka yi sheƙi. Na naɗa jar fatar akuyar nan, wadda aka rina da karan dafi, a bakin kuben na manne ta. Man kaɗe na shafa kaɗan-kaɗan a waje kawai, domin mai idan ya yi yawa yana sassauta fata ta saki siffar da aka sha wahalar ba ta. A ƙarshe na ɗinka siririn maɗauri a jikin maratayin, wanda ke zagaye ƙota ya shiga maɓallin fata, na kuma sa shi ya buɗe ta gefen bayan wuƙar domin kaifi kada ya same shi wajen zarowa. Na gwada ta hanyar kifa kuben a kan tabarma ina girgizawa, ƙafafuna a nesa. Wuƙar ba ta faɗo ba ko da maɗaurin yana kwance, kuma tana fitowa da ja ɗaya idan an riƙe kuben ta gefen baya.

Wanda zai bi wannan hanya, ina ganin ya fara neman fata tun da sauran lokaci kafin salla, domin a nan jinkirin yake, kuma ya tafi da kwalinsa ya auna yankin kafin ya biya, ya tabbatar zai fitar da gaba da baya da maratayi da yankunan tsakani. Idan ƙirgin bagaruwa ya gagara samu, hanyar da dukawa suka saba da ita tana nan: a sassaƙa siraran itace biyu masu laushi, a rarake wurin zaman wuƙar, a manne su, sannan a lulluɓe da fatar akuya a ɗinke ta baya. Kwali kuwa ya tsaya a matsayin ma'auni, domin yana shan danshi kuma kaifi na ratsa shi. Bayan yanka, ba a mayar da wuƙa cikin kube da jini ko kitse, saboda ciki ba ya wankuwa, kuma abin da ya shiga zai yi wari ya ci ƙarfe. Nakan wanke ta, in busar, in shafa mata man gyaɗa kafin in mayar. Idan za ta daɗe ba a taɓa ta ba, musamman da damina, nakan zare ta in naɗe a tsumma mai mai in kulle a akwati, kuben kuma in rataye shi dabam. Lokaci zuwa lokaci nakan haska fitila cikin bakin kuben in duba yankin tsakani. Idan kaifi ya ci shi har zare ya fara bayyana, warware gefen ake yi a sa sabon yanki, a sake bin tsofaffin hudojin da sabon zare.